Kafin Ki Karɓi Zabbin Kawunki

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Jummai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya sa motar da kike ciki ta sauke ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutanen hanya, ya kai ki Yamai da lafiyarki da hankalinki da kayanki. Amin.

Na san kin yi mamakin ganin takarda cikin ledar ƙuli-ƙuli. Da gangan na sa ta nan, don na san halinki, tun mota ba ta kai Buza ba hannunki zai shiga ledar. To, ki goge man hannunki ki karanta, kuma ki gama kafin ku isa Madawa. Za ki ga dalili.

Ke ce ɗiyata ta fari. Kin san al'ada ba ta bar ni in zaunar da ke in dubi idonki in yi doguwar magana ba. Ko sunanki na yanka ban taɓa faɗa ba. Shi ya sa ranar da Mushe, malamin makarantarku, ya kira wayar babanki ya ce kin ci jarrabawar shiga makarantar malaman daji masu tsaron itatuwa, kika ga na ce “madalla” kawai na ci gaba da sheƙa gero. Ƙila kin ɗauka ban ji daɗi ba. Jummai, da kika juya baya, bayan rumbu na shiga na taka rawa ni kaɗai! Na taka, na juya, na yi guɗa cikin tafin hannuna don kada a ji, har akuya ta bar cin dusa ta tsaya tana kallona. Ɗiyata da kaki! Ɗiyata bisa moto mai ƙafa biyu, tana zagaya daji, ana cewa ga Malama nan tafe! Tun ranar, ko tuwo nake tuƙawa sai in tarar ina dariya. Wallahi zuciyata ta yi min yawa a ƙirji.

Amma ga abin da ya sa na ɗauko biro. Yayana, Kawunki Idi, mai sayar da itacen gini a kasuwar Madawa, zai tare ki a tasha wurin canjin mota. Ya ce ya sa an soya miki zabbi biyu na guzuri. Ya kuma ce mini, yana dariya har da tafi, “Hajo, yanzu kam mun yi namu cikin kaki!” Na san abin da ke bayan dariyar. Ya daɗe da sa ido ga itatuwan fakon garinmu, waɗanda suka girma suka isa sara. So yake ki yi masa alkawari tun yau cewa in kin fito kin kama aiki, za ki samo masa takarda, ko ki kau da kai ya shiga da gatari. Zai ce miki wajibi ne ki taimaki dangi. Zai ce doka ai mutane suka yi ta. Zai ce larura ce, kasuwa ta mutu. Zai rufe da cewa ɗiyar kirki ba ta kunyata kawunta. Zai dama miki waɗannan huɗu cikin ƙwarya ɗaya kamar fura, ya miƙo miki. Na sani, don ya taɓa dama mini na sha.

Ke kin tashi kin tarar da fako da inuwa, har kuna zuwa tsintar ƙaro. Lokacin da aka kawo ni gidan babanki, wurin nan tsandauri ne, ko tsinke babu, in ruwa ya zuba sai ya gangaro da gudu ya cinye mana gonaki. Da masu aikin gyaran ƙasa suka zo, mu mata muka hau. Muka fasa ƙasa da diga, muka gina ramukan rabin wata, muka jera duwatsu. Wasu sai da gashin tsakar kansu ya zube don ɗaukar dutse. Muka dasa dakwara da bagaruwa, muka watsa irin gamba. Sai aka yi taro gaban maigari da malamin daji, aka yanke cewa an rufe filin: ba dabba, ba lauje, ba gatari, sai ranar da aka buɗe. Da yake na yi ajin yaƙi da jahilci na iya karatu, aka ce ni ce shugabar matan da ke gadi. Aka ba ni usur na rataya a wuya. Kai, Jummai, da kin ga uwarki! Ko rijiya zan je sai da usur.

Kina goye a bayana shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Kafin bazara ta yi nisa, babu abin da dabba za ta sa a baki. Wata safiya na hau fako sai na hangi mutum duƙe cikin gamba. Na matsa, ashe Tambara ce, maƙwabciyarmu, da lauje, tana yankan busasshiyar ciyawa tana tarawa cikin zane.

Na ce, “Tambara, mi kike yi nan?”

Ta ce, “Abin da idonki ya gani, Hajo. Matar ɗana na kwance gidan likita a Madawa, an bar mini jinjira. Nonon akuya nake ba ta, akuyar kuma ta ƙafe.”

Na ce, “Doka ce, ba ni na yi ta ba.”

Ta ɗago ta dube ni ta ce, “To dokar za ta zo ta ba ta nono?”

Na busa usur. Aka karɓe ciyawar, aka ɗaure akuyar gidan maigari har malamin daji ya zo ranar kasuwa. Na dawo gida ina jin kaina kamar na ci yaƙi. Na zauna ina shayar da ke, sai na ji kukan jinjirar ta bayan danga, siririn kuka irin na yaron da ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Babanki yana gyaran igiya a ƙofar ɗaki. Bai ɗago kai ba ya ce, “Taki ta ƙoshi ko?” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na kwantar da ke, na zagaya gidan Tambara, na ɗauki jinjirar na sa mata nono. Ta kama kamar za ta cire shi. Tambara na tsaye ta riƙe ƙugu, ta ce, “Wannan ma doka ce ta aiko ki?” Na gyara wa jinjirar riƙo na ci gaba da shayar da ita. Jinjirar nan ita ce Nafisa, ƙawarki da ta yi miki kitso jiya. Kin san kun sha nono ɗaya, yau kin ji mafarin.

Da malamin daji ya zo, bai yi faɗa ba, tambaya ya yi. “Tumɓuke ta ta yi da saiwa, ko yanka ta yi?” Na ce yanka ta yi. Ya ce, “An rufe filin nan don ciyawa ta samu zubar da iri, kuma kada kofato ya tattake dashe. Wannan ta riga ta zubar. Da kun zauna ku matan kwamiti, kuna da ikon ba ta izini ta yanka da hannu gwargwadon akuya ɗaya.” Ashe dokar da nake taƙama da ita tana da ƙofa, ni ce ban neme ta ba. Daga nan muka zauna, aka saki akuyar, muka ba Tambara izinin yanka.

Ɗiyata, ga abin da na koya ranar. Doka abu ne da jama'a suka yanke don tsare wani abu, kuma wajibinki ne ki tsare ta, don ita za a ba ki riƙo. Amma a makaranta kada ki tsaya ga haddace “an hana”. Ki matsa wa malamanku da tambaya: me aka ji tsoro aka hana? Me ake so a tsare? Wanda ya san dalilin doka ya san inda ƙofarta take. Kuma ki sani, doka ta ba ni ikon busa usur, amma ba ita za ta gaya mini cewa danga ɗaya ce tsakanina da jinjira mai yunwa, ni kuma ga nono a ƙirjina, ban taɓa leƙawa na tambaya ba. Wannan aikin zuciya ne. Za ki tarar da ranakun da doka ta yarda ki karɓe gatarin tsohuwa. Kafin ki miƙa hannu, ki tambaye ta me ya fito da ita. Ki kuma lura da yadda larura ta gaskiya take: rai ko lafiya na cikin haɗari, babu wata hanya, kuma mai ita ba ya ɗiba sai daidai buƙata. Tambara cikin zane ɗaya ta yanka, ba ta zo da amalanke ba.

Da na tsaya nan, da na huta. Amma kunyar abin ta sa na faɗa wancan gefen. Na cire usur na rataye shi a ƙusa. Duk wanda ya ce mini “larura” sai in ga kamar kukan Nafisa nake ji.

Shekarar da ta biyo, Kawunki Idi bai koma Madawa ba tukuna, yana nan gari yana turkar raguna don Layya. Ya zo ya zauna bisa turmina, ya sha ruwa, ya ce, “Hajo, wa ya goya ki sa'ad da Inna ke gona?”

Na ce, “Kai ne, Yaya.”

“Wa ya sayar da ɗan maraƙinsa ya yi miki kayan ɗaki?”

“Kai ne, Yaya.”

“To ragunana za su rame, harawa ta yi tsada. Larura ce. Kin buɗe wa Tambara da ba ku haɗa komai ba, ni da muka fito ciki ɗaya za ki rufe wa? Da sassafe kawai, su ɗan taɓa su fito. Wa zai gani?”

Duk abin da ya lissafa gaskiya ne, ya goya ni, ya yi mini kayan ɗaki. Na ji kamar in na ce a'a na zama butulu. Na ce, “To, Yaya.” Washegari na ɗauki tulu na bi ta wata hanya don kada in gani. Amma gari ya gani! Mutane suka ce, “In na Idi sun shiga, namu ma ƙafa huɗu gare su.” Awaki suka hau, tumaki suka hau, har jakuna. Kafin in farga, duk dashen gefen yamma an cinye shi, waɗanda suka ɗan tasa an ɓare musu baya sun bushe a tsaye. Wahalar mata, duwatsun nan, gashin kan nan da ya zube, duk na ba raguna.

Aka kira taro ƙofar maigari. Ina zaune kaina ƙasa. Tambara ce ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane ta ce, “Ni dai tambaya gare ni. Akuyata ɗaya aka busa wa usur har kunnena ya toshe. Yanzu garke guda ya hau, usur ɗin mura ya kama shi?” Wuri ya ɗauki dariya, har maigari ya rufe baki da rawani. Ni kam na so ƙasa ta tsage. Yau in na tuna sai in yi ta dariya, amma ranar hawaye na yi.

Ki saurara da kyau a nan, Jummai, don nan ne za a kama ki. Yayana yana da hakki a kaina, kuma har in mutu ba zan gama biyansa ba. Wajibina ne in gaishe shi, in duba shi in ba shi da lafiya, in ɗebo masa daga rumbuna in yunwa ta shiga gidansa, in rufa masa asiri. Amma fako ba nawa ba ne balle in saka masa da shi. Na mata ne, amana suka rataya mini a wuya, kuma a ranar, wajibin da ke kaina shi ne amanar. Na ɗauki kayan mutane na yi zumunci da shi, ina ganin kirki nake yi. Ita kuma larurar tasa, ki auna ta da ta Tambara. Ba ran kowa a ciki. Yana iya sayen dusa, yana iya sayar da rago ɗaya ya ciyar da sauran. Ribarsa ce za ta ragu. Raguwar riba abin baƙin ciki ne, amma ba larura ba ce. Mutane da yawa za su zo miki da abin da suke so sun sa masa rigar larura. Kada ki yi musu tsawa, ki dai tambaya: in ba a yi ba, me zai faru? Babu wata hanya? Amsar za ta nuna miki.

Saura abu ɗaya, kuma shi na fi so ki riƙe. Lokacin masu aikin gyaran ƙasa sun riga sun tafi, babu mai kawo dashe. Ba wanda ya ce in sake dasawa, maigari ma cewa ya yi a bar maganar. Amma na kasa zama. Na tara ledoji bayan ɗaki na cika su da ƙasa da taki, na shuka irin dakwara, ina ba su ruwan da na rage daga na wanka. Da ruwan shuka ya sauka, na jera su cikin kwando na hau fako da hantsi. Me zan gani? Tambara, da Nafisa goye, ta riga ta gina ramuka jere guda!

Na ce, “Tambara, wa ya aiko ki?”

Ta ce, “Kada kanki ya kumbura, ba don ke na zo ba. Don inuwa na zo. Miƙo mini dashen, kin tsaya kina kallona kamar baƙuwa.”

Ba doka ta fito da ita ba, ba ta ɗauki amanar kowa ba balle a ce wajibinta ne, babu kuma larurar da ta koro ta. Matar da na kunyata gaban gari! Kafin azahar mata sun cika wurin, ana waƙa, ana dasawa, ana yi mini tsiyar usur. Wannan shi ne kirki, ɗiyata: abin da mutum zai yi don ya dace, ko ba mai tambayarsa, ko ba mai hukunta shi in ya bari. Da ina tsammanin kirki shi ne taushi, kada ka ɓata wa kowa rai. Tambara ta koya mini ba haka ba ne. Maganar da ta yaɓa mini a taro kirki ce, ramukan da ta gina ma kirki ne, duk daga zuciya ɗaya suka fito.

Kada ki ɗauka kawunki mugu ne. Bai hau fako ba ranar, kunya ta hana shi, amma ya aiko da jakinsa da jarkoki, shi ya yi mana jigilar ruwa har dashen ya kama. Mutum ne mai son nasa, ya dai saba ganin duk abin da ɗan'uwa ke riƙe da shi na gida ne. Itatuwan da yake hange yanzu, su ne waɗanda jakinsa ya shayar.

To ga Madawa nan tafe. In kin sauka kin gan shi, ki durƙusa har ƙasa ki gaishe shi, ki tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ki karɓi addu'arsa da hannu biyu. Wannan wajibinki ne, ko kin zama shugabar malaman daji na ƙasa duka. In ya miƙo ƙullin zabbi, kada ki yi saurin karɓa, kada kuma ki ɓata fuska. Ki yi murmushi ki ce, “Kawu, zabbin nan na ɗiyar ƙanwarka ne, ko na malamar daji?” Na san shi, zai yi dariya ya ce, “Ji 'yar nema, uwarki ta aiko ki ko?” Ki ce e, ni na aiko ki. In ya ce na ɗiyarsa ne, ki karɓa ki yi godiya, ki ci har ƙashi, ki ba na kusa da ke a mota. In ya fara kewaye-kewaye yana kawo maganar takarda, ki ce masa ba ki da abin da za ki yi alkawari da shi, don fako ba naki ba ne. Ki gaya masa duk shekarar da kwamiti ya buɗe rage rassa, ya zo ya saya kamar kowa, ƙofar nan a buɗe take. Ki kuma gaya masa in kasuwa ta mutu da gaske har tukunya ta kasa hawa wuta, rumbunmu nasa ne, ni da kaina zan auna masa. Sannan ki bar masa zabbinsa cikin ladabi. Ƙuli-ƙulina zai kai ki Yamai.

Zai yiwu ya yi fushi. Kada wannan ya hana ki karatu. Ni zai kawo wa fushin, zai zo ya zauna bisa turmin nan ya tambaye ni wa ya goya ni. Zan ce, “Kai ne, Yaya,” in kawo masa fura mai sanyi. Amma wannan karon ba zan ɗauki tulu in bi ta wata hanya ba. Ki laluba ƙasan jakarki, cikin zanen da na naɗe, za ki ji wani abu mai tauri. Usur ɗin ne. Ba don ki busa na ba ki ba, za su ba ki naki sabo. In kin taɓa shi ki tuna uwarki ta busa shi ranar da ya kamata ta yi tambaya, ta kuma rataye shi ranar da ya kamata ta busa.

Tambara na gaishe ki, ta ce in kin dawo da kaki ita za ki fara ɗauka bisa moto, kuma ba ta yarda ki yi gudu ba. Babanki ya sa miki albarka. Ki riƙe salla, ki ci abinci, ki rufe kanki in kin shiga rana.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da malamai na gari da ƙawaye na gari, ya ba ki ido mai rarrabe abu da abu, ya dawo mana da ke lafiya mu tarbe ki ƙarƙashin dakwarar fako. Ranar kam a fili zan yi guɗa, kowa ya ji!

Allah ya yi miki albarka, Ramatu. Ga shi na rubuta sunan da hannuna, ba wanda ya sa ni.

Wassalamu alaikum.

Ni ce uwarki,
Hajara